Ɓeran Gida a Fadamar Goronyo

Ku da kuka fara aiki da mu bana, na lura kullum da safe sai kun duba waya ku ga ko an ƙara ambaton takardar wani, har kuna gardamar wa ya fi wa. Ban ce laifi ba ne. Ni ma na yi, kuma mai yiwuwa har yanzu ina yi idan ba kowa a ofis. Amma ranar nan ɗayanku ya ce mini aikin bincike ba komai ba ne illa mutum ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta, ya aika, ya jira ambato. Na jinkirta amsa a lokacin, don ba na son in amsa magana ban juya ta ba. Ga amsar yanzu, gwargwadon abin da na sani. Kuma abin da na sani ba shi da faɗi: ciwon hanta a jinin mutane, da ɓeraye, a tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo.

Ambato, ga wanda bai saba ba, shi ne wani mai bincike ya rubuta tasa takardar ya kafa hujja da taka, ya kawo sunanka a ƙarshe. Da yawansa ake auna mu a jami'a, kuma ana duba shi idan an zo ƙarin girma. Wanda ya koya mini aiki, Malam Ummaru, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, ɗan gidan malamai a Wurno, bai taɓa rubuta takarda ko ɗaya ba. Ranar da na yi masa bayanin ambato, sai ya ce, "Nasiru, wanga ai isnadi na. Wane ya ji ga wane, shi ko ya ji ga wane. To in na hwarko ya yi gyangyaɗi wurin karatu, duk na baya gyangyaɗinai za su yi ta ruwaitowa." Na yi dariya. Ban ɗauka da ni yake ba.

Aikina na farko a hannunsa wanke tire ne da manna takarda a jikin kwalaben jini. Na zo da digiri, amma kusan wata uku bai bar ni na taɓa allura ba. Dokarsa ɗaya ce: ka rubuta kafin ka soka. Lambar mutum ta hau kwalba, ta hau littafi, ta hau takardar da zai tafi da ita gida, sannan a ɗaure masa hannu. Na ga amfanin wannan wata rana a Rabah, da mutum uku suka zauna a tabarma ɗaya, duk sunansu Muhammadu Bello, biyu daga cikinsu unguwarsu ma ɗaya. Jini kuwa idan ya shiga kwalba ba ya faɗin na wane ne.

Kayan aikin ba su da yawa: allura, kwalabe, auduga, safar hannu, ƙaramin akwatin zuba allurar da aka yi aiki da ita, littafi mai kwalin bango, da akwatin sanyi. Wannan na ƙarshe shi ne maigidanmu duka. Ƙanƙara daga Sakkwato muke sayo ta da sassafe, a naɗe ta cikin buhu, a ɗaura akwatin a bayan babur. Duk tsarin yini a kanta yake. Wata ranar kasuwar Wurno mun ɗebi jinin manoman shinkafa tun hantsi, muna komawa tayar babur ta fashe a inda ba mai faci kusa. Na jiƙa buhu na rufe akwatin a inuwa, na yi ta sake jiƙawa. Da muka isa, Malam Ummaru ya buɗe, ya sa hannu, ya tarar da ruwan ya yi ɗumi. Na ce ina jin wasu kwalaben na ƙasa ba su lalace ba, ko za mu gwada su. Ya ce, "Kana ji, ko ka sani?" Na ce ina ji. Ya ce a zubar. Washegari muka koma muka bi mutanen nan gida gida, muna ba su haƙuri, muna roƙon su sake miƙa hannu. Wasu sun yarda. Wani tsoho ya ce jininsa ba rijiya ba ne, ya shige gida. Ban ga laifinsa ba.

Mutanen da ke miƙa mana hannu su ne abokan hulɗarmu na farko, kuma su ne waɗanda ba sa karanta abin da muka rubuta. Tambayarsu biyu ce kusan ko'ina: ina za a kai jinin, kuma in an ga cutar mene ne za a yi musu. Ta farko tana da sauƙi, sai ka nuna kwalbar su ga bai kai cikin cokali ba. Ta biyu ita ce mai nauyi, don ciwon hanta na iya zama a jikin mutum shekaru yana noma yana cin tuwonsa bai sani ba, kuma abin da ke hannunmu shi ne mu gaya masa, mu ba shi takardar zuwa asibiti, mu ce a gwada iyalinsa. Ba a faɗin sakamako a zaure gaban jama'a. Sai ka ja mutum gefe kamar za ku duba shuka. Mata kuwa sai da ma'aikaciya mace, kuma sai an fara magana da maigida. Cikin azumi ba ma fita ɗibar jini da rana, ko da wani malami ya ce ba komai, don mutanen ba sa so, kuma ba gardamar fiƙihu ta kawo mu ba. Duk wannan, a cikin takarda, layi biyu ne.

Aikin ɓeraye ya zo daga baya. Farfesan da nake ƙarƙashinsa yana son ya san irin ɓerayen da ke zaune a filayen noman rani, tun da madatsar ruwa ta sa fadama ta zama kore har cikin bazara. Dalili shi ne wata ƙwayar cuta da wasu ɓeraye ke ɗauka, wadda masana ke kira hantabairas. Duk da sunan, ba ruwanta da ciwon hanta. Ana tsoron ta ne don mutum na iya shaƙar ta daga ƙurar fitsari da kashin ɓera. Kafin a ce akwai ko babu, sai an san wane ɓera ne a ina. Aka ba ni tarkuna na ƙarfe masu ƙofa, irin waɗanda ke kama ɓera da rai, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Goronyo. Maigari ya haɗa ni da Baba Labbo, manomin albasa, wanda gonarsa ke bakin babbar hanyar ruwa, tafiya mai ɗan nisa daga gidaje. A gidansa nake cin abinci.

Yadda ake ɗana tarkon shi ne, bayan la'asar ka bi kunyar gona, kowane taku goma ka kafa turke, ka ajiye tarko a gindinsa. Na rubuta lamba da fenti a jikin kowane tarko, na rubuta irinta a turkensa, don kada wuri ya rikice mini. Abin da ake sawa a ciki ƙuli-ƙuli ne da aka daka aka kwaɓa da ɗan mai. Da hantsi ka dawo da safar hannu da ƙyallen rufe hanci, ka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama, ka auna ɓeran, ka auna wutsiya da kunne, ka rubuta. Wanda bai kama ba, ka rubuta babu.

Kwana uku na farko babu na yi ta rubutawa har shafi ya cika. A rana ta uku aka kawo mana fura a zauren Baba Labbo, na kurɓa sau ɗaya na ajiye ludayi. Ya ce, "Malam Nasiru, mi ya hwaru? Hurar ba ta yi ba?" Na ce furar lafiya lau. Sai na yi abin da bai kamata ba, na gaya masa damuwata. Na ce in na koma da littafi haka, Farfesa zai ce ban iya ɗana tarko ba, ƙila ma ya ba wani aikin. Baba Labbo ya dube ni, ya dubi ƙanensa Mamman, wanda shi ma dattijo ne mai jikoki, ya ce, "Allah shi kyauta. Kusu dai ba shi ƙarewa duniya." Kusu shi ne ɓera a bakin mutanenmu.

Daga rana ta huɗu tarkuna suka fara kamawa. Kuma ba ƙananan ɓerayen daji ba, baƙin ɓeran gida ne mai doguwar wutsiya, wanda aka sani a rumbu da rufin ɗaki. Na auna, na sake aunawa, na ɗauki hoto. Farfesa ya tabbatar shi ne. Muka rubuta takarda cewa a wannan wuri ɓeran gida ya bi noman rani ya shiga fili, nesa da gidaje. Na tuna na cika ta da "mai yiwuwa" da "ana buƙatar ƙarin bincike", har masu tantancewa na mujallar suka ce in rage. Ta fito. Na sa sunan Baba Labbo a wurin godiya.

Ina da takardu da dama a kan ciwon hanta waɗanda na sha rana a kansu, amma ba kasafai ake ambatonsu ba. Wannan ta ɓeraye kuwa sai ta kama tafiya. Duk mai rubutu a kan madatsun ruwa da cututtuka sai ya ɗauko ta ya sa a layin farko, har mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. "Mai yiwuwa" ɗin da na rubuta ya faɗi a hanya. A takardunsu sai ka ga an ce an tabbatar. Ambatonta ya fi na sauran takarduna a haɗe. Shekarar da aka kira ni in kawo fayil na ƙarin girma, ita na ɗora a sama.

A shekarar ce wasiƙa ta zo mini daga wata ɗaliba mai neman digiri na biyu a wata jami'a, sunanta Hadiza. Ta ce rani biyu ta yi tana ɗana tarko a filayen noman rani na yankinsu, bisa tsarin da muka rubuta, ba ta kama ɓeran gida ko ɗaya ba. Malamanta sun ce takardar Goronyo ta nuna akwai, don haka ko dai ba ta zuwa gonar, ko ba ta iya ba, kuma ba za su sa mata hannu ba. Tana roƙo in gaya mata sirrin abin da nake sawa a tarko. Na amsa mata cewa ƙuli-ƙuli ne. Amma wasiƙar ta sa na ɗauko tsohon littafina. A gefen shafin rana ta biyar na ga rubutuna: "ƙaiƙayin gero a cikin tarko. Iska?" A gonar albasa, cikin rani, inda ba gero ko zangarniya ɗaya. Na gani a lokacin, na rubuta, na ba kaina amsa, na wuce.

Na hau mota zuwa Goronyo da kwafin takardar. Baba Labbo ya tsufa, amma ya gane ni tun daga nesa. "A'a, mai kusu! Ashe kana duniya?" Bayan gaisuwa na nuna masa sunansa a cikin Turanci, ya sa aka kira Mamman ya gani. Sannan na tambaye shi, a hankali, ko ya san yadda ƙaiƙayi ya shiga tarkona.

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ai mu munka kai su."

"Kuka kai me, Baba?"

"Tarkunan mana. In anka yi magariba, ni da Mamman mu kwaso rabi mu aje gindin rumbu. In anka yi asuba mu maishe su, kowane ga turkenai. Lamba ai mun iya. Tun da anka raba muna gonakin ga, da lamba kowa ka gane tashi."

Mamman ya ce, "Sau guda na sa na bakwai wurin na ɗaya, sai da na koma na gyara."

Na ce, "Baba, ai ni ɓeran gona nake nema, ba na gida ba."

"Kai ka ce muna haka? Kusu ka ce. Kwana ukku kana buɗe ƙarhe wohi, ko hura ka kasa sha. Baƙona, ƙarƙashin inuwata, shi koma a kore shi ga aiki, ga kusu cike da rumbu suna ci muna gero? Mi mutane za su ce da ni?"

Ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ban taɓa zaunar da shi na gaya masa cewa wurin da aka kama ɓeran shi ne dukan tambayar ba. Na ɗauka wannan ilimin nawa ne, nasa shi ne ya nuna mini gona. Na yi godiya, na ci abincin da aka kawo.

Washegari na shiga ofishin Farfesa na gaya masa. Ya ce, "Maganar tsoho ɗaya ce, bayan shekaru. Ba hujja ba ce tukuna." Na ce tsofaffi biyu ne, da ƙaiƙayi. Ya ce, "Ka san fayil ɗinka na gaban kwamiti? In ka cire wannan takarda, abin da ya rage ba zai kai ka ba." Na ce na lissafa, na sani. Na ce mai yiwuwa wasu daga cikin ɓerayen a gonar aka kama su da gaske, amma ba ni da hanyar rarrabe su, kuma akwai yarinyar da aka hana digiri a kan maganarmu. Ya ce, "To, koma ka sake ɗanawa rani guda. In ya tabbata, sunana ma yana kai, zan sa hannu a gyaran." Na karɓo fayil ɗina daga kwamiti a makon. Abokan aikina da muka shiga tare suka wuce. Wannan ita ce mummunar shekarata a aikin nan, kuma ba fari ko ambaliya suka kawo ta ba.

Da rani ya kama na koma. Wannan karon na fara da zauren maigari. Na yi bayani gaban dattawa cewa tarkon da bai kama komai ba shi ma amsa ce, kuma ba mai korata a kan babu. Sannan na ɗaure kowane tarko a turkensa da wayar ƙarfe, na ɗiga fenti a kan ƙullin, na barbaɗa toka kewaye. Baba Labbo ya tsaya a kunya yana kallona, hannu a baya.

"Yanzu ɗaure su kaka yi kamar awaki, don mu?"

Na ce, "Saboda iska ne, Baba."

"Awo. Iskar ga da ka tashi bayan magariba." Ya juya ga Mamman. "Ka ji, an ɗaure muna ƙahwa."

Ba su taɓa ko ɗaya ba, toka ta shaida. Har aka cire albasa ina ɗanawa. Na kama 'yan ɓerayen daji jefi-jefi, da jaɓa mai wari wadda ba ita nake nema ba. Ɓeran gida ko ɗaya bai shiga ba. Ba zan ce ba ya taɓa zuwa fadama a ko'ina ba, wannan ban sani ba. Abin da zan iya cewa shi ne a gonar nan, a ranin nan, ban gan shi ba, kuma waɗanda na gani a da ba zan iya raba su da na gindin rumbu ba.

Gyaran da muka aika wa mujallar bai cika rabin shafi ba. Mun faɗi abin da ya faru ba tare da sunan kowa ba, muka ce kuskuren namu ne, kada a ƙara kafa hujja da waccan magana. Na aika wa Hadiza kwafi tun kafin ya fito, ta kai wa malamanta, suka sa mata hannu. Ita ce ta fara ambaton gyaran. Bayan ita ba su da yawa. Tsohuwar takardar kuwa har yau ana ambatonta, don galibi mutane ba ita suke karantawa ba, layin da wani ya rubuta a kanta suke kwafa. Duk lokacin da waya ta nuna mini sabon ambato, nakan nemi adireshin marubucin in aika masa gyaran. Wasu kan amsa da godiya. Yawanci shiru. In kun duba sunana kun ga lambar nan mai yawa, to ku sani mafi yawanta gyangyaɗin da Malam Ummaru ya faɗa ne ake ruwaitowa. Ƙarin girman ya zo daga baya, a kan takardun ciwon hanta, waɗanda ba mai ambatonsu sosai amma na san yadda kowace kwalba ta iso.

Ranar da na kwashe tarkunan a ƙarshen ranin, duka babu na rubuta. Na wanke su, na jera a akwati, ya rage wuri a sama. Ina ɗaurewa a babur sai ga Baba Labbo da Mamman da kwando. Ya buɗe akwatin da kansa, ya juye albasa da tafarnuwa a kan tarkunan har murfi ya ƙi rufuwa.

"Ka hana mu cika maka tarko," in ji shi. "Wanga kuma ba ka da wayar ɗaure shi. Ka rubuta ga littahinka: an kama ta gonar Labbo, ba gindin rumbu ba."

Mako mai zuwa za mu fita Goronyo, biyu daga cikinku za su bi ni. Ku zo da littafi mai kwalin bango da fensir, biro na narkewa a rana. Zan nuna muku ɗaurin waya da barbaɗa toka, ba su da wuya. Mai wuyar shi ne idan kun buɗe tarko kun tarar ba komai, mai gona yana tsaye yana kallon fuskarku. Ku rubuta babu. In an kawo fura, ku shanye.